Amsa: Me ya sa alkaluman gurɓatar ruwa da taki suka sha bamban?

Malam, ka ce kana kwatanta rahoto biyu na tasirin kwalin madara a muhalli, daga gona har juji, sai ka tarar alkaluman gurɓatar ruwa da taki sun yi hannun riga. Ina kyautata zaton mudun awo ne ya bambanta.

Abin da ake aunawa shi ne naitirojin da fosfaras da ke kwarara cikin ruwa daga taki, kashin dabbobi da ruwan masai. Su ke ciyar da gansakuka ta rufe ruwa, in ta mutu tana ruɓewa ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Haka ke faruwa kowace bazara a Tekun Meziko, inda kogin Misisipi ke zubo takin gonakin Amurka.

Akwai tsare-tsaren lissafin tasiri a muhalli daban-daban, mai yiwuwa kowane rahoto da nasa. Tsarin CML na Jami'ar Leiden da ke ƙasar Holan yana mayar da komai zuwa kilon fosfet, wani sinadari mai ɗauke da fosfaras: kilo ɗaya na fosfaras daidai yake da kilo 3.06 na fosfet, na naitirojin kuwa 0.42. Shi kuma tsarin ReCiPe 2016 raba lissafin yake, kogi da tafki a kilon fosfaras, teku a kilon naitirojin. Ka ga ba a haɗa alkaluman tsarin biyu a teburi ɗaya.

Duba kuma iyakar binciken, ko da gaske duka biyun daga gona suka fara. Wanda ya fara lissafi daga ƙofar masana'anta ya bar gonar abincin shanu, alhali a nan yawancin kwararar take. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami.

In kwatancen naka na bugawa ne, ka ba masanin ISO 14044, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta irin wannan bincike, ya duba maka tukuna.