Amsa ga Hajiyar da ke son sauya tsohon sikatin

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce sikatin ɗin katako na gidanku a Jidda, wato allon da ke bin gindin bango a ɗaki, ya tsufa, wani wuri ya kumbura, wani ya saki bango har kyankyasai sun samu mafaka, kina tambaya ko a sayo irinsa a mayar. Na daɗe ina aikin tayil a garin nan, kuma ni dai ban ba ki shawarar mayar da katako ba, balle MDF.

Kin san yadda muke wanke gida: a kwarara ruwa a ɗaki, a ja shi zuwa magudana. MDF kuwa garin katako ne da aka matse da gam, da zarar ya sha ruwa ta gindi sai ya tashi kamar burodi, kuma ba ya komawa. Ga laimar teku a kan wannan.

Kafin ki kashe ko riyal ɗaya, a ɓamɓare guntu a inda ya fi lalacewa a duba filastar baya. In ana ganin farin gari kamar gishiri, filasta na marmashewa a hannu, to danshi ne, ko daga ƙasa, ko bututun banɗaki, ko tiyon AC da ke ɗiga cikin bango. Sai an toshe wannan an bar bango ya bushe. In kuma siraran hanyoyin ƙasa ne a jikin katakon, gara ce, a fara kiran masu feshi.

Wajen cirewa a fara tsaga fentin saman da reza, in ba haka ba zai taho da fentin bango. A kashe wuta, don wasu tsofaffin gidajen ana bi da waya ta bayansa.

Batun karkatar sikatin kuwa, yawanci laifin daɓe ne da bango. Kada mai aiki ya bi daɓe. Ya ja layi da lebur, wato ma'aunin daidaito na magina, a tsayin santimita 8 zuwa 10, saman ya bi layin, inda daɓe ya yi tudu a rage gindin. Shi ya sa na fi son sikatin na tayil, domin simintin baya yana cike ramukan bango. Ki sa ido gefen da ya fito daga kamfani ya kalli sama, yankakken ya koma ƙasa, layukansa kuma su haɗu da na tayil ɗin ɗaki. Masu gaggawa nan suke ha'inci.

Sikatin na fom ma ba laifi, ba ya jin ruwa, yana ɗan lanƙwasa ya bi bango, sai dai ƙafar kujera na lotsa shi. In shi kika zaɓa, a cike tsagar da ke tsakanin samansa da bango da gam ɗin akirilik, don gam ɗin silikon ba ya karɓar fenti.

In gidan haya ne, Alhaji ya fara samun yardar mai gidan hayar a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, a kuma faɗi wanda zai biya.