Me ya sa ƙuri'a ke sauke shugaba a wasu ƙasashe, a namu kuma ba ta saukewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kusiri. Tun ina saurayi ake zaɓe a Kamaru, ga 'yan'uwanmu na Chadi nan tsallaken kogi su ma suna yi, amma ban taɓa ganin ƙuri'a ta sauke shugaban ƙasa ba. A Senegal da Ghana kuwa sai mu ji an kayar da mai ci. Shin dimokuraɗiyyar ce ba ta karɓe mu ba, ko wani abu ne daban?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da idonka ya gani gaskiya ne. Kamaru shugabanni biyu ta yi tun samun 'yanci a 1960: Ahmadou Ahidjo ɗan Garwa, wanda ya sauka da kansa a 1982, sai Paul Biya. A Chadi kuwa bindiga ce ke kawo mutum: an kashe Tombalbaye a juyin mulkin 1975, Hissène Habré ya shiga Njamena da yaƙi a 1982, Idriss Déby ya kore shi a 1990, da Déby ya rasu a fagen daga a 2021 sojoji suka ɗora ɗansa Mahamat.

Sai dai ban yarda cewa laifin jininmu ko addininmu ne ba. Senegal ɗin da ka ambata ƙasar Musulmi ce, Faransa ce ta mulke ta kamar yadda ta mulki Chadi da mafi yawan Kamaru, kuma ba ta fi mu arzikin ƙasa ba. Abin da ya raba mu shi ne: a can mai mulki yana iya faɗuwa zaɓe, kuma idan ya faɗi yana iya komawa gidansa ya kwana lafiya. Dukkan biyun sai sun samu.

Mu fara da na biyun, don shi aka fi mantawa. A Benin, babban taron ƙasa na Fabrairun 1990 ya ƙwace iko daga hannun Mathieu Kérékou, a 1991 Nicéphore Soglo ya kayar da shi. Me ya sa soja mai bindiga ya haƙura? An ba shi kariya daga tuhuma kan abin da ya yi a mulki. Ya koma gefe, a 1996 ya sake tsayawa, ya ci. Ya ga cewa faɗuwa ba mutuwa ba ce. To ka dubi Chadi. Wanda ya hau da jini ya san akwai masu jiransa, kuma ba shi kaɗai ba, har danginsa da hafsoshinsa da duk wanda ya ci arziki a inuwarsa. Habré ya ƙare rayuwarsa da ɗaurin rai da rai da wata kotu ta musamman ta yanke masa a Dakar a 2016. Hukuncin ya dace da ta'asar da aka yi a zamaninsa, amma kada ka yi zaton masu mulki ba su ɗauki darasi ba, darasin da suka ɗauka shi ne kada a sauka. Chadi ma ta yi nata taron ƙasa a 1993, ta yi zaɓen jam'iyyu da yawa a 1996, amma sojan bai taɓa barin hannun mutum ɗaya ba. A 2005 aka cire ƙayyade wa'adi, Kamaru ta bi sahu a 2008.

Sai batun ko dokar wasan tana barin mai ci ya faɗi. Nan ina so ka riƙe lissafi guda. A zaɓen Oktoban 1992, sakamakon hukuma ya ba Biya kusan kashi 40 cikin ɗari, John Fru Ndi kusan 36, Bello Bouba Maigari kusan 19. Wato mafi yawan masu ƙuri'a ba su zaɓi shugaba mai ci ba, amma da yake zagaye ɗaya ake yi a Kamaru, magana ta ƙare a nan. A Senegal a 2000, Abdou Diouf ya samu kusan kashi 41 a zagayen farko, yana kan gaba. Dokarsu ta ce sai an haura rabi, aka je zagaye na biyu, 'yan adawa suka haɗu bayan Abdoulaye Wade, Diouf ya faɗi kuma ya amince. Kusan ƙuri'a iri ɗaya, layi ɗaya na doka ya raba makomar ƙasashen biyu.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa suna da yawa, kuma ka san su da idonka. Ranar zaɓe ana miƙa maka takardu, kowane ɗan takara da tasa. Ka shiga bayan labule, ka sa ɗaya a ambulan, sauran ka zubar. Wanda ya ba ka kuɗi jiya da dare ba ya buƙatar rantsuwarka, cewa zai yi ka fito masa da takardun abokan hamayya a aljihu ya ƙirga. Shi ya sa 'yan adawa suka daɗe suna neman takarda ɗaya mai ɗauke da kowa. Mambobin majalisar hukumar zaɓe ta ELECAM shugaban ƙasa ne ke naɗa su, haka sanatoci 30 cikin 100. Kotun tsarin mulki da aka rubuta a kundin 1996 ba ta fara aiki ba sai 2018. Ka kwatanta da Senegal a 2024, inda shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe, kotun tsarin mulki ta ce bai isa ba, aka yi zaɓen a Maris, ɗan adawa Bassirou Diomaye Faye ya ci. Alƙalin da ke iya cewa a'a bai samu a rana ɗaya ba, ya samu ne don an taɓa faɗa, aka kuma bi.

Kuɗi ma suna da tasu rawar. Gwamnatin da ke rayuwa da harajin ɗan kasuwa irinka dole ta saurare ka. Wadda ke da rijiyar mai ba ta da wannan larurar. Chadi ta fara fitar da man Doba ta bututun da ke kai shi Kribi a gaɓar tekun Kamaru a 2003, bisa yarjejeniya da Bankin Duniya cewa za a ware kuɗin don asibiti da makaranta da 'yan baya. Ba a daɗe ba gwamnati ta sauya dokar ta ce tsaro ne gaba, a 2008 bankin ya janye. Majalisar dokokin da aka zaɓa a 2011 ta zauna shekara goma ba a sabunta ta ba, kuma babu abin da ya tsaya.

A arewacin Kamaru akwai ƙarin wani abu da ba a cika son faɗa ba. Dokar 1977 ta mayar da lamido da lawan da jauro mataimakan gwamnati, tun 2013 kuma ana biyansu kuɗin wata. Ba na zargin kowa, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma talakan da gonarsa ke hannun jauro zai yi tunani sau biyu kafin rumfar ƙauyensu ta fito da sakamakon da zai ɓata wa mai sarauta rai.

Kada kuma ka ɗauka sauke shugaba sau ɗaya ya wadatar. Nijar ta ga Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum mulki a 2021, a Yulin 2023 masu tsaron fadarsa suka tsare shi. Inda soja bai yarda farar hula ne maigidansa ba, komai na iya rushewa da safe ɗaya.

Inda ƙuri'arka ta fi nauyi a yanzu shi ne zaɓen ƙananan hukumomi. Tun 1996 'yan adawa ke cin kujerun magajin gari, har da nan arewa, gwamnati kuwa ta riƙa naɗa wakilanta a kan manyan birane, kafin dokar 2019 ta soke wannan muƙamin. A wannan matakin ƙuri'a ɗari biyu ko uku na iya raba gardama. Matsalar ita ce yaranmu da yawa sun kai shekara 20 ta yin zaɓe ba su da takardar haihuwa, ba tare da ita ba kuwa samun katin ɗan ƙasa yana wuya, rajistar zaɓe ma haka. Ka fara da yaran shagonka, Alhaji, ka tambaye su wa ke da kati.