Baffa, ga amsar tambayarku kan cire alƙalai a Gana

Assalamu alaikum Baffa. Ina fatan kun tashi lafiya, da iyali baki ɗaya. Kun ce kun ji a rediyo an tsige Babbar Jojinmu, kuna tambaya wa ke biyan kuɗin irin wannan aiki, kuma mu mutanen zango yaya muke kallon abin.

A nan majalisar dokoki ba ta da hannu a ciki, ba kamar can gida Najeriya ba da tsarin mulki ya ce sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun yarda kafin a cire Alƙalin Alƙalai. Sashe na 146 na tsarin mulkin Gana na 1992 ne ya tsara hanyar. Kowa na iya rubuta ƙorafi ga shugaban ƙasa. Idan Babban Joji ake ƙara, shugaban zai shawarci majalisar magabata, ya kafa kwamitin mutum biyar: alƙalan Kotun Ƙoli biyu, sai mutum uku da ba lauyoyi ba ne, ba kuma 'yan majalisa ba. A asirce suke zama. Haka aka yi wa Gertrude Torkornoo: Shugaba Mahama ya dakatar da ita a Afrilun 2025, ya sauke ta ranar 1 ga Satumba. Abin da zai ba ku mamaki, kuɗin tafiya na cikin abubuwan da suka kayar da ita, don kwamitin ya ce an biya wa mijinta da 'yarta kuɗin tafiye-tafiye daga aljihun hukuma. Ita ta musanta, ta ce siyasa ce, har kotun ECOWAS ta kai ƙara.

Batun kasafi kuwa, albashin alƙalai da fanshonsu daga babban asusun gwamnati suke fita kai tsaye, kuma tsarin mulki ya hana a rage wa alƙali ko sisi yana kan kujera, don kada a juya shi da yunwa. Zaman mutum biyar na 'yan watanni, a ganina, bai kai ya girgiza baitulmali ba. Nauyin a wuyan talaka yake sauka.

Na gani da idona a 2015, lokacin da ɗan jaridar nan mai rufe fuska, Anas Aremeyaw Anas, ya ɗauki hoton alƙalai a ɓoye suna karɓar na goro, wasu har da akuya. A Disambar shekarar aka sallami alƙalan ƙananan kotuna 20. Mun yi murna, ba ƙarya. Amma maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da goro, yana da shari'ar fili da ta kusa hukunci, sai aka wayi gari kujerar babu kowa. Da sabon alƙali ya zo, aka koma fari. Shaidarsa guda ya riga ya rasu, ɗayan ya koma Tamale, duk zama sai ya aika masa kuɗin mota, ga lauya, ga runfarsa a rufe ranar. Wannan kuɗin ba za ku gan shi a littafin kasafin kowace gwamnati ba.

Shi ya sa mu nan Kumasi ba ma gaggawar zuwa kotu. Kun san babu kotun shari'ar Musulunci a Gana irin ta Kano. Tun zamanin kakanninmu fataken Gwanja da suka zauna cikin Tonawa, wato mutanen Ashanti, rigimar aure, gado ko bashi wajen liman take fara zuwa. In ta fi ƙarfinsa, a tafi fadar Sarkin Zango, a shimfiɗa tabarma, kowa ya faɗi nasa, a yi fatiha. Dokar sulhu ta 2010 ma ta amince da sasancin gargajiya, muddin ɓangarorin biyu da kansu suka yarda.

Kada ku ɗauka duk lafiya ne, Baffa. Fada ma tana da nata son kai, mata sun fi kowa sanin haka a rabon gado, kuma can babu sashe na 146 da za ka rubuta ƙorafi a cire mai sulhu. Yaranmu da suka yi boko, musamman kan takardun fili, kotu suke nufa ko da za a shekara goma ana ɗagewa.

Ku gaida Inna. Goron da na yi alkawari yana nan tafe da direban da ya saba kawo muku.