Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Zuba wa Ciyawar Ado Taki?

Wasiƙun wannan watan sun fi yawa ne daga Jos da Abuja, kuma kusan duk a kan ciyawar harabar gida suke. Masananmu na harkar lambu sun ɗauki huɗu daga ciki sun amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana da ke Kanada ya turo mini jadawalin da suke bi a can: taki kaɗan a watan Mayu, babu ko ɗigo a Yuli, babban zubi a Satumba, na ƙarshe a ƙarshen Oktoba. Tunda Jos ma garin sanyi ne, in bi wannan jadawalin? Daga wani Alhaji a Rayfield, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bi shi. Jadawalin daidai yake a Kanada, amma ciyawarsu daban, taka daban.

Ciyawar ado gida biyu ce. Akwai ta ƙasashen sanyi, wadda ta fi jin daɗin girma idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 24 na Salsiyas. Ita sau biyu take tashi a shekara: bayan dusar ƙanƙara ta narke, da kuma Satumba zuwa Oktoba idan zafi ya sauka. A Yuli zafi yakan kwantar da ita, shi ya sa ba a ba ta taki lokacin. Zubin Satumba kuwa saiwa yake ginawa, ciyawar ta tara abincin da za ta yi watanni a ƙarƙashin ƙanƙara da shi.

Sai ta ƙasashen zafi, irin su kiri-kiri da wadda masu sayar da furanni ke kira kafet. Su ne a yawancin gidajen Jos da Abuja. Sun fi ƙarfi tsakanin 27 zuwa 35, kuma da zarar dare ya fara sauka ƙasa da 15 sai girmansu ya ja baya. Jos tana kan tudu mai tsawon sama da mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da 10. Ka ga ke nan sanyin da ɗanka yake shirya wa ciyawarsa, taka barci yake sa ta. Ga shi kuma a daidai lokacin ruwa ya ɗauke. Takin ƙarshen Oktoba a Rayfield zai zauna ne a kan busasshiyar ƙasa, ko kuma ya fito da sabon ganye mai laushi wanda hunturu zai ƙone cikin mako biyu.

A nan damina ce ke tsara mana lokaci. Zubin farko sai ruwa ya zauna sosai har an aske ciyawar sau biyu, wanda a Jos yakan kama tsakiyar Mayu zuwa ƙarshensa. Ruwan farko na Afrilu mayaudari ne, yakan sauka sau ɗaya ya yi kwana goma bai dawo ba. Zubi na biyu a ƙarshen Yuni, kafin marka. Na uku a tsakiyar Satumba, kuma a wannan a zaɓi kamfa 15-15-15 (wato naitirojin, fosfat da fotash, kowanne kashi 15 cikin ɗari) maimakon yuriya, domin fotash ɗin da ke ciki yana taimaka wa ciyawa jure fari. Daga nan a ɗaure bakin buhu sai baɗi.

Tambaya: A watan Maris ciyawata ta yi rawaya, mai kula da lambu ya watsa mata yuriya da hantsi. Bayan kwana uku sai ga tabo-tabo ruwan ƙasa kamar an zuba tafasasshen ruwa. Me ya faru, kuma nawa ya kamata a zuba? Daga wata Hajiya a Gwarinpa, Abuja.

Amsa: Hajiya, ƙishi ne ya mayar da ciyawarki rawaya, sai aka ba ta gishiri. Maris shi ne tsakiyar zafin Abuja, rana takan haura 35. Ƙwayar taki idan ta maƙale a jikin ganye ko ta taru wuri ɗaya, takan zuƙe ruwan da ke cikin ganyen. Ki duƙa ki buɗa ciyawar da yatsa a tsakiyar tabon, sau da yawa za ki tarar da farin ɓurɓushi a gindinta, nan ne hannun mai watsawa ya yi nauyi. Sauran yuriyar da ba ta ƙone komai ba kuma, mai yawa daga cikinta ta bi iska, domin a kan ƙasa mai zafi takan zama iskar amoniya idan ba a kora ta da ruwa ba.

Maganin tabon ruwa ne. A jiƙa wurin sosai kowace safiya har kwana biyar domin gishirin ya nutse ƙasa da saiwa, a kankare mataccen ganye da manjagara. Kiri-kiri takan yaɗo ta rufe wurin da kanta idan damina ta sauka. Idan tabon ya fi faɗin faranti kuma saiwar ta mutu, a ciro ɗan yanki daga gefen katanga a dasa.

Batun awo kuwa, kada zubi ɗaya ya wuce giram 5 na naitirojin a kowace murabba'in mita. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, saboda haka giram 11 ke nan a mita. Fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 zai ci yuriya kilo 1.1, ko kamfa 20-10-10 kilo 2.5, ko 15-15-15 kilo 3.3. Wanda ba shi da sikeli, ƙaramin gwangwanin madara da aka shafe bakinsa yana ɗaukar yuriya wajen giram 120, ya ishi murabba'in mita 11. Da ido za ki ga kamar ya yi kaɗan, kuma nan ne masu lambu ke ƙara hannu.

A raba awon gida biyu, a watsa rabi ana tafiya gabas zuwa yamma, rabi kudu zuwa arewa. A yi da yamma, ganye a bushe, ƙasa da danshi. Da an gama a bi da tiyo, lita 5 zuwa 10 a kowace mita, wato lita 500 zuwa 1,000 ga wancan filin. Ranar da babu wannan ruwan a tanki, a bar takin a buhunsa.

Tambaya: Kowace Agusta sai ciyawar makarantarmu ta yi da'ira-da'ira masu launin ƙasa, ganyen yana tsinkewa daga gindi idan aka ja. Mu ƙara taki? Daga wani malamin makaranta a Bukur.

Amsa: A'a, Malam. Alamun da ka faɗa na cutar fumfuna ne, kuma naitirojin ƙara mata ƙarfi yake yi. Marka a tudun Jos ta haɗa duk abin da cutar ke so: sanyi-sanyi, hadari ya rufe rana, ganye ya kwana a jiƙe. Ban da haka, ruwan Agusta yakan wanke takin ya gangara da shi rafi, musamman a yankinku inda aka haƙi kuza, ƙasar ta zama yashi ba ta riƙe komai. A buɗe magudanar ruwa, a kwashe askakkiyar ciyawa kada a bar ta a wurin, a wasa wuƙar injin aski, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski ɗaya. Idan Satumba ta yi rana ta fito, sai a yi zubin da muka faɗa a sama.

Tambaya: Ina da burtsatse, ina ban-ruwa duk rani. Zan iya ci gaba da zuba taki? Kuma kashin kaji zai yi? Daga wani mai karatu a Kubwa.

Amsa: A Abuja za ka iya, tunda ɗumin garin bai barin ciyawar da ke shan ruwa ta tsaya. Amma rabin awo za ka zuba, sau ɗaya a Nuwamba, sau ɗaya a farkon Fabrairu, ka tsallake Maris da farkon Afrilu. Ma'auninka shi ne injin aski: idan mako biyu suka wuce ba ka buƙaci aski ba, ciyawar ba ta cin abinci, kada ka ba ta. Mai burtsatse a Jos shi kam ya bar Disamba da Janairu gaba ɗaya.

Kashin kaji yana da kyau matuƙa, muddin ya ruɓa. Ɗanye ƙuna yake yi kamar yuriya, ga wari da ƙudaje. A tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako biyu har wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi ya daina ɗumi. A rairaye shi, a gauraya da yashi daidai wa daida, a shimfiɗa kaurin da bai wuce rabin santimita ba, yadda kan ganye zai riƙa leƙowa, sannan a share da tsintsiya ya shige gindin ciyawar. Farkon damina ya fi dacewa da shi. Kashin shanu kuwa a yi hattara, yakan zo da irin ciyayin da dabbar ta ci, su tsiro a tsakiyar filin bayan ruwa biyu ko uku.