Kayan hannu da kayan gareji: wanne za ka fara saya?

Ka ce takardar neman tallafin da ka karɓo a nan Bauchi ta ce a lissafa tools daban, equipment daban, kana tambaya ko ba abu ɗaya ba ne. To yarona, mu duka kayan aiki muke ce musu, amma Turanci ya raba. Tools su ne na hannu: sifana, filaya, guduma, sukudireba. Equipment ta fi faɗi, ta haɗa da jak, kwampireso (injin tara iska), injin walda, janareta, har takalmin aiki da gilashin kare ido. Kuma komai yawan kayan ba a ƙara mata s, kar ka rubuta equipments.

Manyan nan na gareji ne, kar kuɗinka ya tafi can tukuna. Fara da sifana lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, su ne ke kwance galibin notin Toyota da Honda. In Golf ko Fijo aka kawo, sai ka nemi 13. Lamba 10 kuwa sayi biyu, ita aka fi aiki da ita, ita ta fi salwanta.

Noti mai tauri, sa masa soket ko sifana mai zobe. Mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa, da ta zame ta cinye kan notin, aikin minti biyar ya koma na yini. Haka 13 take yi wa noti mai 12, ko da ka ga kamar ta shiga. A kasuwa duba bakin sifanar da kyau, ta banza bakinta buɗewa yake yi tun a makon farko.

Sai jak, ka saurare ni da kyau. Aikinsa ɗaga mota, ba riƙe ta ba. Robar man cikinsa tana iya saki ba zato, don haka kar ka shiga ƙarƙashin mota sai ka tokare ta da ƙarfen tokara, ka kuma datse tayoyin da ke ƙasa. Bulo fashewa yake yi, kar ka yarda da shi.

Kwampireso kuma, kullum da yamma buɗe ɗan famfon ƙasan tankinsa don ruwan da ya taru ya fita, musamman da damina. In ka bar shi, tsatsa ta ciki za ta ci tankin.