Amsa ga mai son koyon zanen fuska da fentin mai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwaikwayon aikin tsoffin gwanaye zai koya maka zanen fuska da fentin mai, kuma da wanne za ka fara. Zai koya maka sosai. Gidan tarihi na Louvre da ke Faransa tun 1793 yake barin masu koyo su kafa allonsu gaban zane suna kwafa. Sai dai ka san abin da ka je ɗauka. Wanda yake neman a ce "kamar an tsaga kara" zai gaji a banza. Abin da ake nema shi ne a gano me gwanin ya fara shafawa, me ya ɗora a kai, me ya bari bai taɓa ba.

Ni shawarata ka ɗauki hoton wani mutum mai suna Juan de Pareja wanda gwanin zane Velazquez na ƙasar Sipaniya ya zana a Roma a 1650. Yana gidan tarihi na Metropolitan a Amurka, kuma akwai hotonsa tangaran a intanet. Fuska ɗaya ce, haske daga gefe ɗaya, bango ba kwalliya, launuka kaɗan. Ga wanda ke son iya zana fata mai duhu, ban ga malami kamarsa ba.

Karon farko da na kwafe shi, da idanu na fara. Kwana uku ina kan gashin ido da ɗigon haske. Da na ja da baya na duba, sai ga idanu masu kyau a kan fuskar da ba ta da ƙashi, goshi da kunci duk sun baje. Na goge na sake. Wannan karon na shafe kyallen da nake zanen a kai gaba ɗaya da siririn fenti mai launin ruwan ƙasa, saboda farin kyalle yana yaudarar ido. Sannan na runtse idanu kaɗan har fuskar ta koma gida biyu, inda haske ya sauka da inda inuwa take. Da launi ɗaya na shimfiɗa inuwar, inda haske yake kuwa na sa tsumma na goge. Kafin in zana ido ko ɗaya, mutumin ya riga ya bayyana. Ranar na gane kamanni a inuwa yake zaune.

Launi huɗu sun ishe ka: fari, baƙi, ja, da ruwan ɗorawa mai ƙasa-ƙasa da ake kira oka. Ka kula da hasken da ke goshin Pareja da karan hancinsa. Ido zai ce maka fari ne, amma ka kara shi da farar kwalar wuyansa, za ka ga ya fi ta duhu nesa ba kusa ba. In ka zuba masa fari tsantsa, fatar sai ta koma kamar an barbaɗa toka. Ita kanta kwalar, in ka zuƙo hoton, 'yan shafe-shafen buroshi ne kawai, daga nesa suke zama leshi.

Ƙa'ida ɗaya kada ka karya: shafin ƙasa siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. In ka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa ya tsattsage. Na yi asarar aikin wata guda a haka, har yau ina jin zafinsa. Man sheƙi na ƙarshe kuma sai bayan wata shida aƙalla.

Kada ka ɗora takarda a kan hoton ka bi layi, ka auna da ido da sandar buroshi. Ka yi shi sau uku, kowanne ka rubuta sunan Velazquez a bayansa don kowa ya san kwafi ne. Bayan na uku, zaunar da wani kusa da taga, haske ta gefe ɗaya, ka bi matakan nan a kan fuskarsa. Ka turo mana na farkon tun yana matakin ruwan ƙasa, a nan gyara ya fi sauƙi.