Tambarin dangi da na saya a intanet zai jawo min shari'a?

Tambaya: Ina zaune a Glasgow. Na biya wani kamfani a intanet ya aiko min "tambarin dangin Bello", da garkuwa da kwalkwali har da takardar shaida. Na manna shi a allon gidan abincina. Yanzu maƙwabcina ya ce ana kai mutum kotu kan wannan. Hankalina ya tashi.

Amsa: Malam, maƙwabcinka gaskiya ya faɗa. Ka sauke allon tukuna. A Sikotilan, inda Glasgow take, akwai kotun Lord Lyon, jami'in da ke kula da irin waɗannan tambura, a Edinbara, kuma tun dokar 1672 laifi ne ka ɗaga tambarin da ba a rubuta da sunanka a kundinta ba. Tana da mai gabatar da ƙara nata, tana cin tara, tana sa a kankare tambari. Ko Donald Trump sai da aka ja masa kunne kan tambarin filin golf ɗinsa na Aberdeenshire, ya bi ƙa'ida, aka ba shi nasa a 2012. Da a Ingila kake da sauƙi, don kotunsu ta wannan harka rabonta da zama tun 1954.

Abin da ke ƙona min rai shi ne maganar "tambarin dangi". Babu wannan a Birtaniya, kuma kullum sai na maimaita. Tambari na mutum ɗaya ne, kamar rawanin sarauta: magaji ke gadonsa. Ƙanen magajin ma sai ya koma wurin Lyon an sauya masa launi ko an zagaye gefen garkuwar da layi, sannan ya ɗaga. To ina batun wanda suna kawai ya haɗa su? Masu sayarwar nan tsofaffin littattafai suke buɗewa, su nemo sunan da ya yi kama da naka, su buga. Bello suna ne a Italiya da Sifaniya. Ina kyautata zaton garkuwar wani Bature ce ke rataye a ƙofarka, mutumin da bai taɓa jin sunan Sakkwato ba. Takardar shaidar kuwa, su suka rubuta wa kansu. Na ga dattijo ya saka irinta a firam ya kafe a falo, yana nuna wa jikoki wai tarihin kakanninsu ne. Wannan cin amana ne, ba ciniki ba.

In alamar kasuwa kake so, mai zane ya yi maka wadda ba ta cikin garkuwa. In kuma tambari na gaske ne, ka rubuta takardar neman tambari ga ofishin Lyon da sunanka ko na kamfaninka, ka biya kuɗin da doka ta yanka.